Kujerar da Ta Sha Turare

Sharaɗi ɗaya tak Abba ya gindaya wa Dogo: ranar da ya rabu da taba, ranar zai iya turo iyayensa neman auren Auta. Bai tambayi gida ba, bai tambayi mota ba, bai ma damu da cewa shagon gyaran wayar Dogo in ka miƙe ƙafa sai ka taɓo bango ba.

Duk wanda ya san Abba ya san dalili. Direban babbar mota ne a da, taba ce ta raka shi duk hanyar da ya bi, har ta sauke shi a gadon asibiti. Yanzu yana gida da abin shaƙa na buɗe numfashi a aljihu, daga ɗakinsa zuwa ƙofar gida sai ya tsaya hutu a hanya. Likita ya ce ko hayaƙin girki kada ya kusanta, balle na taba.

Dogo ya rantse ya bari. Auta ta yarda, don dama neman yarda take. Abba ya sa ido na 'yan watanni, bai ji komai a jikin yaron ba sai ƙamshin alewar minti, ya ce to, iyayen su zo ƙarshen wata.

Umma ce kaɗai ba ta yi murna ba. Ita tun farko ɗan ƙawarta take so, mai kemis ɗin bakin titi, wanda ke aiko wa Abba magani har gida, wanda a cewarta ko ashana bai iya ƙyastawa ba. Auta ba ta ƙi shi don mugun hali ba. Kawai duk ranar da ya zo zance sai ya yi mata bayanin hawan jini har ta fara hamma.

Ana cikin haka kujerar ta iso.

Sana'ar Auta sayar da kayan hannu ce a intanet. Wani zai tashi daga gida, wata ta gaji da labulenta, wani yaro ya girma ya bar gadonsa, sai a kawo mata, ta ɗauki hoto ta sa a shafinta, in an saya ta cire ladanta. Garejin gidan ne ofishinta, tunda rabonsa da mota tun tana firamare. Ta shafa wa bango ɗaya farin fenti saboda hoto, sauran ukun ta bar su da dattinsu.

Abin da ya ɗaga ta a kan sauran masu wannan sana'a layi ɗaya ne, na ƙarshe. A ƙasan kowane hoto, bayan ta faɗi girma da launi da inda kayan ya ɗan ji jiki, sai ta rubuta ko ana shan taba a gidan da ya fito, da ko akwai kyanwa, ko kare, ko tsuntsu. Waya tana nuna launi amma ba ta nuna wari. Uwar da ɗanta ke da asma ba ta da hanyar sanin abin da katifa ta sha sai an kai mata gida yaro ya kwana yana neman numfashi. Saboda wannan layin ne mata ke tura wa junansu shafinta.

Kuma ba ta ɗaukar maganar mai kaya, ko da limami ne. Sai ta cire matashin kujera ta ɗaure shi a babbar leda, ta ajiye a rana, in ya ɗauki zafi ta kwance ta sa hanci. Babu abin da soso ya taɓa sha da ba ya fitowa a wannan leda.

Kujerar Dogo doguwa ce mai zaman mutum uku, ruwan ƙasa, mai laushi. Ya kama gida mai ɗaki biyu, ya ce gara ya rabu da kayan gwauranci. Da aka sauke ta daga motar ɗaukar kaya, Abba yana zaune a ƙofar gida kan farar kujerarsa ta roba. Dogo ya durƙusa ya gaishe shi, aka wuce da ita ta gabansa, ya bi ta da ido har ta shige gareji.

Tun kafin a ajiye ta, Auta ta tsargu. Dogo ya yi wa kujerar wanka da turare, irin wankan da ƙamshi ke riga kaya shiga ɗaki. A wannan sana'a kaya mai yawan turare kamar yaro ne da ya tare ka da gaisuwa tun daga ƙofa, ka san ya fasa wani abu a ciki.

Ta bari ya tafi, ta ɗaure matashi ɗaya a leda ta kai rana.

Da ta kwance, turaren ne ya fara fitowa, ya yi hayaniyarsa ya wuce. Abin da ke ƙarƙashinsa ya taso a hankali, ya tsaya.

Ta so ta ce tsohon wari ne. Amma ba ta da wannan mafaka, don satin da Dogo ya rantse, ita da kanta ta tura masu wankin kujeru suka wanke masa kujera da kafet da labule, kyautarta gare shi ke nan, don ya fara sabuwar rayuwa a ɗaki mai tsabta. Ta zura hannu a lungun kujerar. Ta fito da hular biro, da gashin Manaja, kyanwarsa da ya raɗa wa wannan suna don wuni take a kan kujera ba ta tsinana komai. Sai kuma guntun taba, fari tas, ko rawaya bai fara yi ba.

Ta naɗe shi a 'yar leda, ta yafa mayafi, ta fita.

Ta sami Dogo a shago ya sunkuya a kan wata waya da ya buɗe wa baya, ƙaramin sukundireba a hannunsa. Ya ɗago yana murmushi zai tsokane ta. Ta kwance ledar ta ajiye guntun a tsakiyar ƙananan kusoshin da ya jera a kan tebur.

Murmushin ya tafi. Bai yi musu ba, wannan kam ta yaba masa. Ya ce kara ɗaya ne a rana, in ya koma gida kansa na sarawa. Ya ce daga kwali guda ya sauko zuwa nan, kuma ba ta san wahalar da ya sha ba, wani lokacin hannunsa har rawa yake a kan wayar mutane. Ya ce saura ƙiris. Idanunsa suka kawo ruwa, ya juya ya fuskanci bango don kada masu wucewa su gani.

Ta ji tausayinsa, kuma ta ji haushin kanta da ta ji tausayin.

"Ka san abin da zan rubuta a ƙasan hoton," in ji ta. "Ka kuma san wanda ke fara karantawa."

Ya sani. Tun da Abba ya zauna a gida, waya ce abokiyar hirarsa. Duk hoton da Auta ta sa, shi ne na farko da zai rubuta Allah ya kawo kasuwa, ko da tukunya ce.

Dogo ya ce to a mayar masa da kujerar, ya fasa sayarwa. Ta ce ya makara. Umma ta ga ledar a rana, kuma tun ɗazu take zagaya gareji tana tambayar yaushe za a sa hoton kujerar suruki. In kujera ta koma ba a sa hotonta ba, ba sai an yi wa kowa bayani ba.

Ya juya sukundireban a yatsunsa. Can ya matso, ya rage murya.

"Ki rubuta kyanwar, Auta. Ki ce ba a shan taba, amma akwai kyanwa. Mai asma yana ganin kyanwa zai wuce, mai ciki ma haka. Wanda zai saya lafiyayye ne, ɗan wari ba zai yi masa komai ba. Wa aka cuta?"

Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne maganar ta zauna daidai, ko ta ina ta juya ta ba ta ga ɓaraka ba.

"In kika rubuta gaskiya, kin san gidan wa Umma za ta aika gobe," ya ƙara. "Ni ba zan iya ganinki a bayan kantar kemis ba. Ki taimake ni wannan karon kawai. Kafin ƙarshen wata na bari, wallahi na bari."

Ta tuna cewa da wallahi ya fara wancan karon ma. Duk da haka da ta koma gida ta ja kujerar jikin farin bango, ta ɗauki hoto mai kyau, ta rubuta girma da launi. A layin ƙarshe yatsanta ya tsaya. Sannan ta rubuta: ba a shan taba a gidan, akwai kyanwa ɗaya. Tun da ta fara sana'ar ba ta taɓa yin ƙarya a wannan layi ba, ta yi mamakin yadda abin bai ɗauki lokaci ba.

Ko ajiye wayar ba ta yi ba saƙon Abba ya shigo ƙasan hoton. Ba addu'ar kasuwa ba ce wannan karon. Ya rubuta: An saya.

Ta same shi a ɗaki yana jiranta. Ya ce bayansa ya gaji da kujerar roba, gado kuma in ya kwanta numfashi ke toshewa, irin wannan doguwar yake nema da zai kishingiɗa. Kyanwa ba ta dame shi ba, ciwonsa ba na gashi ba ne.

Ta ce ta yi wa ɗakin girma. Ya ce a fitar da teburi. Ta ce wata mata ta riga shi magana. Ya ce ya duba, babu kowa a gabansa. Ta ce ƙafar kujerar ɗaya tana rawa.

"Ke da kike rubuta komai," ya ce, "ban ga kin rubuta ƙafa na rawa ba."

Umma, wadda ta karanta layin ƙarshen har sau biyu tana taɓe baki, ta ce a ba shi mana, ai kuɗinsa zai biya. Ita ba za ta ji komai ba ko da ta zauna a kai, don tun wata muguwar mura da ta yi hancinta ya ajiye aiki, ko abinci ya ƙone sai ta ga hayaƙi take sani. Maƙwabta biyu suka kama, kafin la'asar kujera ta shiga ɗakin Abba.

Auta ta kira Dogo ta gaya masa. Ya yi salati, sannan ya ce ta yi haƙuri, ai kwanakin ba su da yawa, da zarar an gama magana zai saya wa Abba sabuwa fil a fitar da waccan. Ta ce ƙirjin Abba bai san ƙarshen wata ba. Ta roƙe shi ya zo da kansa ya faɗa, tun abin yana hannunsu, wataƙila Abba ya ga girman hakan. Ya ce gobe. Da goben ta yi ya ce aiki ya yi masa yawa.

Abba kuwa ya daina fitowa ƙofar gida. Farar kujerar roba ta wuni a jingine, masu wucewa suna tambayar ko lafiya. Yana ɗaki, taga a rufe, ya ce iska ke damunsa. Tarinsa ya sauya murya, ya koma mai zurfi, irin wanda Auta ta sani tun kafin a kwantar da shi a asibiti. Abin shaƙar da ke yi masa wata ya fara ƙarewa tun ba a je ko'ina ba.

Umma ta ɗora laifin a kan sauyin yanayi, ta aika aka kira mai kemis. Ya zo da ledar magani da murmushinsa, ya zauna a falo ya yi bayani mai tsawo a kan ƙura da sanyi. Umma tana gyaɗa kai tana satar kallon Auta, wai ta ga irin mijin da ake nema.

Auta ta daina cin abincin kirki. Tana gareji tana amsa wa masu tambayar farashin labule, kunnenta yana ɗakin Abba. Duk tari ɗaya sai ta ji kamar sunanta ake kira. Ta ce wa kanta turaren zai rufe, ta kuma san ƙarya take, don ita ta fi kowa sanin cewa turare ke fara gajiya.

Ranar da abin ya ƙare, da rana tsaka ne. Ta haɗa wa Abba shayi ta nufi ɗakin, ta tarar da ƙofar ba a rufe take sosai ba. Ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, sai ta hango shi.

Abba ba kishingiɗe yake ba. Ya ɗage matashi ɗaya, ya kifa fuskarsa a lungun da ke tsakanin hannun kujerar da mazauninta, idonsa a rufe. Ya ja numfashi dogo, ya riƙe, ya sake shi a hankali ta baki. Yatsunsa biyu suna kan leɓensa, a haɗe, babu komai a tsakaninsu. Fuskarsa ta saki, irin sakin da ta saba gani tana ƙarama, in ya dawo daga doguwar tafiya ya zauna a tsakar gida ya kunna ta farko.

Sai tarin ya zo ya naɗe shi biyu. Ya lalubi abin shaƙa ya fesa. Da ya lafa, ya goge ido, ya sake mayar da fuskarsa wurin.

Ta koma da baya da shayin a hannunta. Ashe ya sani. Ba yaudararsa ta yi ba, kuma wannan ya fi yaudarar muni. Ita tana shiru don ta sami Dogo, Dogo yana shiru don ya same ta, Abba yana shiru don kada a fitar masa da kujera. Kowa a gidan ya samu abin da yake so, sai huhun Abba.

Ta zauna a gareji kan wani gadon yara da ba a saya ba tukuna. Ta yi kuka, ba mai yawa ba, ta share fuska da gefen mayafi. Ta buɗe shafinta ta nemo hoton. Ta goge layin ƙarshe ta rubuta: Gyara. Ana shan taba a gidan da kujerar nan ta fito, kuma kwanan nan. Na sani kafin in sa hoton, na rubuta akasin haka. Ku yafe mini.

Ba ta kira Dogo ta sanar da shi ba. Ta san in ta ji muryarsa zai sake kawo wata maganar da ta zauna daidai.

Ta danna, ta tashi ta koma ƙofar Abba. Tana isa wayarsa ta yi ƙara a ciki. Ta tura ƙofar ta shiga ta durƙusa.

Ya riga ya mayar da matashin ya zauna kamar ba shi ba. Ya ɗauko tabarau ya sa, ya karanta, leɓensa na motsi. Ya daɗe yana kallon wayar fiye da yadda rubutun ke bukata.

"Da kin bar ni na ƙara kwana ɗaya," ya ce.

"Na gan ka ɗazu, Abba."

Bai ji kunya ba, ko kuma kunyar ta wuce inda za ta nuna. Ya cire tabarau ya ajiye a cinya.

"Tun a ƙofar gida na ji ta. Ke sai kin sa a leda, ni ba na bukatar leda. Na ga abin da kika rubuta, na san yaron nan ne ya sa ki. Ya kamata a ranar in kira ki in ce a fasa." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Sai na ce bari in saya tukuna. Na ce in na yi magana za a fitar da ita. Har na fara gaya wa kaina yaron ba shi da laifi, a bari iyayensa su zo."

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tayil.

"Ki dube ni, Auta. Ba ma tabar ba, warinta a jikin soso. Saboda shi na yi shiru a kan aurenki, ni da na haife ki. Kin ga abin da take mayar da mutum. Shi kike so ki aura, ki san har da ita."

Umma ta faɗo ɗakin da waya a hannu, fuskarta cike da magana. Ta fara cewa ai dama ita ta faɗa, ɗan mutane mai hankali yana nan yana jira. Abba ya ɗaga hannu. Ya ce ba a kai nan ba, kuma ba za a kai nan yau ba, ta taimaka ta buɗe taga.

Ya dafa hannun kujerar ya miƙe da ƙyar. Tafinsa ya ɗan daɗe a kan yadin kafin ya ɗauke. Ya ce Auta ta kawo masa ta roba ƙofar gida.

Ta raka shi, suka tsaya hutu a inda ya saba tsayawa. A nan ta yi ƙarfin hali ta tambaye shi maganar ƙarshen wata.

"Babu ƙarshen wata," ya ce. "Ki ce ya zo ya ɗauki kayansa da hannunsa, ya biyo ta gabana. In yana da abin faɗa, ina zaune. In kuma yara ya aiko su ɗauka, kin samu amsarki ba sai na ba ki ba."

Wayarta tana ta rawa a hannunta tun suna ɗaki. Saƙonni ne a ƙasan hoton, wasu na zagi, wasu na godiya, wata tana tambayar ko katifar da ta saya bara ma haka ne. Wannan ta fi yi mata ciwo, ta san kuma za ta daɗe tana amsa irinta.

Sai sunan Dogo ya fito a fuskar wayar. Ta zaunar da Abba, ta gyara masa matashi a baya, ta koma cikin gareji inda gurbin kujerar yake har yanzu a jikin farin bango. Ta ɗauka.

Ya fara magana da sauri, yana tambayar me ya sa, me ya sa ba ta jira shi ba. Ta bari ya gama.

"Abba yana ƙofar gida," ta ce. "Ka zo ka ɗauki kujerarka. Kada ka sha alewar minti."